Bulalar da Na Ajiye Bayan Juma'ar Nan ta Damagaram

Duk shekara in sanyin Janairu ya shigo, hazo ya rufe duwatsun Birni, sai ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 ta dawo mani kamar jiya aka yi. Ni malamin lakwal ne, kuma Kirista. Nan ƙasar aka yanke cibiyata, nan aka rufe kakannina. Na daɗe ina son rubuta wannan magana ina fasawa, don gudun kada a ce na zo fama tsohon miki. Ƴan uwana malamai da iyaye, ku kwantar da hankalinku: mafi yawan laifin da zan faɗa a nan nawa ne.

Ga waɗanda suke yara a lokacin, ga yadda abin ya faru. Ranar 7 ga watan aka kai hari ofishin jaridar Charlie Hebdo a babban birnin Faransa, aka kashe mutum 12. Ranar 11 shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou ya shiga jerin gwanon da shugabanni suka yi a can. Ranar 14 jaridar ta sake fitowa da zanen Annabin Musulunci, abin da ya ƙona ran Musulmi ko'ina a duniya. Da aka sauko daga masallacin Juma'a ranar 16, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram, kashegari Asabar ta isa Yamai. Mutum 10 suka rasa ransu cikin kwana biyun nan. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga majami'u 45 da aka cinna wa wuta. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Mu da aka ƙona wa wuraren sujada ba mu taɓa riƙe jaridar nan a hannu ba, tsofaffinmu ko sunanta ba su iya faɗa.

Ranar, muna tsakar gida muka hango hayaƙi ya turnuƙe ta wajen majami'armu. Kafin in san abin yi sai ga sallamar Alhaji, dattijon da katanga ɗaya ta raba mu. Bai tsaya gaisuwa ba. Ya ce, "Mushe, kwashe iyali ku shiga wajen Hajiya, yanzu-yanzu." Muka shiga. Shi kuwa ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gidana, ya zauna da carbinsa, ƴaƴansa maza biyu suna tsaye a bayansa. Da samarin suka iso, ɗaya na riƙe da bido cike da mai, ina jin muryarsa ta bayan katanga yana cewa, "Gidan nan gidana ne. Wanda zai sa mashi wuta sai ya fara da ni. Kai wane, ba ni na raɗa maka suna ba?" Suka yi cirko-cirko, suka wuce.

Na leƙa ta saman katanga suna wucewa. Can baya na ga wani saurayi ɗan shekara kamar goma sha shida, ya ɗora bencin majami'armu a ka. Na san bencin, don ni na shafa mashi fenti da hannuna. Na kuma san yaron. Shekara shida kafin nan yana kilas ɗina na CM1, layi na uku, gefen taga.

Daren nan ban runtsa ba. Na yi ta zagi. Na faɗi maganganu a kan Musulmi gaba ɗaya, alhali a ɗakin Musulmi nake kwance, bargon Musulmi na rufa da shi, tuwon Hajiya ne a cikina. Bayan kwana uku na ji babban ɗana, mai shekara takwas, yana gaya wa ƙanensa cewa in ya girma soja zai shiga, ya samu bindiga ya gama da su duka. Na ɗaga hannu zan mare shi. Matata ta riƙe ni ta ce, "Mushe, wa za ka daka? Maganarka ce ya maimaita, bai ƙara ko kalma ɗaya ba." Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na sauke hannuna na fita waje, kunya ta hana ni cin abinci.

Ranar Lahadi muka yi sujada a fili cikin toka da ƙaurin hayaƙi. Fasto ya yi wa'azi a kan yafiya, daga Romawa sura 12, inda manzo Bulus ya hana masu bi rama mugunta da mugunta. Kowa ya ce amin, ni ma na ce. Amma tambayar da ta dame ni daban ce. Yafe wa wanda ba ka sani ba, wanda ba za ka sake gani ba, abu ne da ake iya yi da baki a gama. Ni kuwa na san ɗaya daga cikinsu. Shekara guda yana zaune gabana daga safe zuwa yamma. Me ya koya a hannuna?

Na tuna. Yaron ba ya gane lissafin rabawa. Ina da guntun tiyo a kan tebur, baƙi, wanda yara suka laƙa wa suna. Akwai ranar da na kira shi gaban allo ya kasa, na zuba mashi goma a bayansa, na sa kilas ya yi mashi ihu. Ya yi fitsari a wando. Ban ce dukan da na yi mashi ne ya kai shi ɗaukar benci ba. Talauci na nan, zaman kashe wando na nan, masu zuga matasa na nan, kuma ƴan pale na garin nan sun riga sun zama abin magana tun kafin wannan rana. Wanda ya ga fim ɗin da Aicha Macky ta yi a unguwar Kara-Kara, wanda ya fito a 2021, ya san irin rayuwar da nake nufi. Amma ba ni iya cewa hannuna fes yake. Darasi ɗaya na tabbata ya shiga kansa a kilas ɗina: wanda ke riƙe da sanda shi ke da gaskiya, kuma in taro ya goyi bayanka kana iya wulaƙanta mutum ba abin da zai biyo baya.

Daga nan na fara tunanin cewa in Kirista irina zai yi gaba da tashin hankali, sai ya fara daga inda hannunsa ke kaiwa. Ƙidayar 2012 ta nuna ba mu kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba. Ba mu da yawan da za mu juya siyasa. Abin da ke hannunmu shi ne kilas, da tsakar gida, da bakinmu, da wayarmu, da ƙofar maƙwabci. Ga abin da na gwada cikin shekarun nan, da inda na ci nasara, da inda na faɗi.

Na fara da tiyo. Ranar da aka koma lakwal na jefa shi cikin masai. A makarantar horar da malamai an gaya mana an hana duka, mun rubuta a kaye mun ci jarrabawa da shi, amma duk wanda ya tsaya gaban yara tamanin da wani abu a rumfar zana, rana na dukansa, albashi bai zo ba, ya san yadda wannan darasi ke gudu daga kai. Wata uku na farko kilas ɗina ya zama kasuwar Dole. Dirakta ya kira ni ya ce na lalace. Wani uba ya zo har gida ya ce, "Mushe, in ba ka dukan yaron nan to me kake koya mashi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Na ce, "Gaskiya ne, Malam, amma mai tanƙwara icce a hankali yake yi. In ya sa ƙarfi karyewa yake."

Abin da ya cece ni ƙananan dabaru ne. Na raba yara rukuni-rukuni na mutum takwas, kowane rukuni da shugabansa, ana canja shi duk mako biyu, har da waɗanda ake ce wa daƙiƙai. Wanda ya yi laifi yana gyara abin da ya ɓata: in ya yaga littafi ya liƙe, in ya zagi wani ya nemi gafara a gaban waɗanda suka ji, in ya makara ya zauna lokacin shan iska ya rama abin da ya wuce shi. In raina ya ɓaci nakan ajiye alli in fita ƙofar kilas in sha ruwa kafin in yi magana. Sau biyu cikin shekarun nan hannuna ya kuɓuce na kai mari. Duka biyun na tsaya gaban kilas na ce na yi kuskure. Karo na farko yaran suka yi tsit suna kallona, don ba su taɓa jin babba ya faɗi haka ba.

Wasu ƴan uwana masu bi sukan kawo mani ayoyin littafin Karin Magana da ke zancen sanda da horon yaro. Na san su. Ni ma nakan tuna masu da Afisawa sura 6, wadda ta gargaɗi iyaye maza kada su tsokane ƴaƴansu har su cika da fushi. Kuma nakan roƙe su su yi wa kansu tambaya ɗaya tsakani da Allah: duka nawa cikin goma suka yi don gyaran yaro, nawa kuma don huce haushin da suka kwaso daga wajen aiki ko kasuwa? Ni dai da na ƙirga nawa, ban samu biyu na gyara ba.

Sai harshe. Yakubu a sura 3 ya kwatanta shi da ƴar wuta da ke cinye daji, mu kuwa a nan mun ga wutar da idonmu. Ni da matata muka kafa doka a gida: ba a cewa "su" a dunƙule. In wani ya yi maka laifi, faɗi abin da ya yi, kada ka jawo addininsa ko ƙabilarsa. In yarana sun dawo suna kuka an ce masu arna, ba na ce masu su rama, ba na kuma ce masu ba komai ba ne, domin da ciwo. Nakan kama hannunsu mu tafi gidan su yaron, in yi sallama, in gaida uban da ladabi, in faɗi abin da ya faru. Sau da yawa uban kan ji kunya ya tsawata wa ɗansa. Akwai wanda ya ce ai gaskiya yaron ya faɗa, ya juya ya shige gida. Na dawo da ɗana muna tafe shiru, amma aƙalla ya ga yadda namiji ke kai ƙara ba tare da dutse a hannu ba.

Waya ita ce sabon harshe. A watan Yuni 2019, da aka kama wani malami a Maraɗi kan maganar dokar tsara harkokin ibada, aka sa wa wata majami'a wuta a garin. Kafin gari ya waye, rukunin WhatsApp na ikilisiyarmu ya cika da hotunan gawawwaki, ana cewa daga Maraɗi ne. Na kira wani abokin karatuna da ke koyarwa a can, ya ce wuta dai an sa, amma hotunan nan bai san inda aka samo su ba. Na rubuta a rukunin cewa a daina turawa. Wata baiwar Allah ta ce na zama ɗan koren waɗanda ke ƙona mu. Ya yi mani zafi. Amma shaidar zur zunubi ce ko da a kan wanda ya cuce ka aka yi ta, kuma danna waya ka tura abin da ba ka tabbatar ba shaida ce ka bayar. Tun daga ranar, saƙo ba ya fita daga wayata sai na san wanda ya gani da idonsa.

Akwai kuma zunubin da ba ya zubar da jini, wanda mu malamai muka fi sabawa da shi. A shekarun farko na aikina, in ƙarshen shekara ya zo, uba kan aiko da zabi biyu ko jika biyar a ambulan, ni kuma in ɗaga makin ɗansa ya wuce. Ina ce wa kaina alheri ne. Amma kowane maki da na ƙara wa ɗan mai hali, ɗan wata mai tallan ƙosai na ture baya, kuma yaran sun sani, don ba abin da ke ɓoyuwa a kilas. Yaron da ya gane tun yana shekara goma cewa ƙoƙari ba ya biya sai kuɗi, kada a yi mamaki in ya kai goma sha shida ya ɗauki abin da ƙarfinsa ya ba shi. A Luka sura 3, da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi, bai ce su bar aikinsu ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da ƙa'ida, na biyu kuma kada su yi ƙwace, su dogara ga albashinsu. Wannan amsa ta yi daidai da malamin lakwal, da ma'aikacin asibiti, da mai awo a kasuwa. Yanzu in kyauta ta zo kafin a ba da sakamako, nakan mayar da ita da godiya. Ba na ɓoye maku, akwai watan da na mayar da zabi alhali ba nama a tukunyarmu.

Abin da ya fi yi mani wuya shi ne na cikin gidanmu mu masu bi. Akwai wani ɗan uwa a ikilisiya, mai murya a ƙungiyar mawaƙa, wanda kowa ya san yana dukan matarsa. Matan zumunta sun sani, dattawa sun sani, ni ma na sani. Ranar Lahadi takan zo da kallabi ta rufe gefen fuska, mu ce mata sannu, a ce ta yi haƙuri. Shekara biyu muna kukan an ƙona mana gini, ga mutum ana ƙona shi a hankali a gabanmu ba mai magana. Na bi abin da Matiyu sura 18 ta tsara: na same shi shi kaɗai tukuna. Ya ce in fita harkar gidansa. Na koma da dattijo ɗaya da matata. Muka gaya mashi a fili cewa in ya sake, matar da yaran za su kwana gidana, kuma zan raka ta wajen hukuma da ƙafata. Ya daina gaishe ni wajen shekara guda. Dattawa suka sauke shi daga waƙa. Ba zan ce ya zama mala'ika ba, amma matar ta san akwai ƙofar da za ta ƙwanƙwasa da tsakar dare a buɗe mata, shi ma ya san haka. Haƙurin da muke ba wanda ake zalunta alhali ba mu ce wa azzalumin uffan ba, taya shi muke yi.

Wannan ya kawo ni ga abin da mutane suka fi ruɗewa a kai. Wasu na ɗauka yafiya ita ce yin shiru. A Yohanna sura 18, da wani dogari ya mari Yesu a gaban babban firist, bai rama ba, amma ya tambaye shi dalilin marin. Haka nan a daren da aka kama shi ya sa Bitrus ya mayar da takobi kube. Abu biyun tare suke tafiya: ba ka ɗaukar makami, ba ka kuma haɗiye gaskiya. Saboda haka bayan ƙura ta lafa na roƙi Alhaji ya raka ni gidan su yaron nan. Uban ya rantse ɗansa bai fita ba ranar. Ban yi gardama ba. Na ce, "Malam, ban zo don a kama shi ba. Na zo ne don ka san na gan shi, shi ma ya san na gan shi." Muka yi sallama. Benci bai dawo ba.

Na ƙarshe shi ne wanda Alhaji ya koya mani ba tare da ya buɗe baki ba. Abin da ya tsare gidana ranar nan shekara goma sha ɗaya ce ta gaisuwar safe, da aron turmi, da zaman makoki, da kai yaro asibiti da dare a bayan babur. Zumunci a ƙafa yake. Bayan 2015 wasu masu bi suka ja jiki, suka ƙara tsawon katanga, suka hana ƴaƴansu wasa a waje. Na gane tsoronsu, amma ina ganin kuskure ne. Tun da ƴan mishan na SIM suka sauka Damagaram a 1924, abin da ya sa aka san Kirista da alheri a ƙasar nan aiki ne da ake gani. Asibitin Galmi, da aka buɗe a 1950, har gobe yawancin masu jinya a cikinsa Musulmi ne. Ni ba ni da asibiti. Ina da ƙafa. In an yi rasuwa a unguwa ina cikin masu zaman gaisuwa, in an yi suna ina wurin da sassafe, in damina ta cika kwalbati ina cikin masu yasa. Yaran unguwa da suka kasa lissafi suna zuwa zaurena ranar Laraba da yamma, ba na karɓar ko dala, ba na kuma yi masu wa'azi, don iyayensu lissafi suka aiko su koya kuma amana ce.

Ga ƴan uwana Musulmi da ke karanta wannan, na san mafi yawan abin da na lissafa kuna da shi a naku karatun: haƙƙin maƙwabci, tsare harshe, cika mudu, tausayin yaro. Da shi Alhaji ya zauna a ƙofata. Yaran da ke gabanmu a kilas ɗaya suke zaune, benci ɗaya, kuma abin da suka ga muna yi shi za su yi in ranarsu ta zo.

Bara, ina fitowa daga kasuwa da buhun hatsi, na tsayar da ɗan kabu-kabu. Sai da na hau na gane ƙeyarsa. Shi ma ya gane ni, don bai tambayi inda za ni ba. Muka yi tafiya ba mai magana. Da muka iso ƙofar gida na sauka na ce, "Akwai ranar da na dake ka a gaban allo har na sa aka yi maka dariya. Ban kyauta ba. Ka yafe mani." Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur, ya ce, "Haba Mushe, ai kowa ya sha." Na jira ko zai ce wani abu game da benci. Bai ce ba. Na miƙa mashi kuɗinsa ya ƙi karɓa, na matsa, ya ƙi. Ya kama mani buhun muka shigar da shi zaure, ya ta da babur ya tafi.

Alhaji ya rasu shekara uku da suka wuce. Na bi gawarsa har maƙabarta, na tsaya daga gefe har aka gama. Ɗana da ya ce zai shiga soja ya gama lise, yanzu yana shirin jarrabawar shiga makarantar horar da malamai. Ran nan ya tambaye ni yadda ake riƙe yara tamanin ba bulala. Na ce ya zo kilas ɗina ranar Litinin ya zauna a baya ya gani, har da inda nake kasawa.